Tagullar da Baba Ya Kafa wa Jirgina

Ni direban mota ne, ba ɗan ruwa ba. A garinmu ko rafin kirki babu, sai kududdufin bayan gari da ke cika da damina, ya ƙafe kafin a gama girbi. Na yi shekaru ina tuƙa wani Bature a Maitama, mutum mai son kamun kifi ran Asabar. Da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya sallami ma'aikatan gidan da abin da ya ga dama. Kuku ya samu firji, maigadi ya samu babur, ni kuma aka ja ni bayan gida, aka yaye tamfol, aka nuna mini jirgin ruwa da injinsa. Na yi godiya da baki, amma raina a ɓace yake, don ni motar na sa wa rai. Me zan yi da jirgi a Nyanya, inda ko ruwan famfo sai an yi sa'a?

Matata ce ta ce in daina ƙunƙuni, in kai shi tafkin Jabi inda ake ɗaukar masu yawon shaƙatawa a zaga da su. Na bi shawararta ina gunaguni, na koyi tuƙin a wajen waɗanda na tarar, kuma ban sha wuya ba, don inji duk inji ne. Inda na sha wuya shi ne samun fasinja. Jiragen sauran na roba ne, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, nawa kuwa na alminiyam ne, fari-fari mai duhu kamar murfin tukunya. Yara su zo su wuce ni suna nuna na kusa da ni. Wata rana har wata yarinya ta tambayi babanta ko wannan na kwasar shara ne.

A wannan lokacin Baba yana wurina. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na je na ɗauko shi, don yanar ido ta rufe masa idanu biyu, sai haske da inuwa kawai yake gani. Baba maƙerin fari ne, irin waɗanda ba ruwansu da fartanya da gatari, aikinsu tagulla da jan ƙarfe: zobe, munduwa, tasa, faranti mai zane. A garinmu ba a kai amarya babu aikin hannunsa a cikin jerenta, har kayan roba da na kanti suka zo suka kashe kasuwar. A Nyanya kuwa ba wanda ya san shi. Yakan wuni a kan tabarma a ƙofar gida yana jin ƙarar motocin da ke tururuwa zuwa cikin gari, maƙwabta su wuce su ce "Sannu Papa," shi ke nan. Abinci sai matata ta yi da gaske yake cin loma biyu. Na ce a kai shi asibiti a cire yanar, ya ce ba mai sa masa wuƙa a ido, kuma me ya rage a duniya da zai kalla.

Wata safiya ina ɗaura takalmi zan fita, na ji ya ce, ba da ni yake ba, da kansa yake: "An ajiye ni kamar tsohuwar tabarma." Maganar ta bi ni har bakin ruwa. Ina zaune a jirgina babu fasinja, ina kallon jikinsa fayau babu ko ɗigon ado, sai dabara ta faɗo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai, na ɗauka na fi kowa wayo a Abuja.

Da na koma gida na durƙusa kusa da shi.

"Baba, aiki na kawo maka, in hannun bai manta ba."

"Hannun wa? Kai dai malam direba, faɗi abin da ke tafe da kai."

Na faɗa masa ina so ya yi wa jirgin ado da tagulla. Ya tambaye ni tsawon jirgin kamu nawa ne. Washegari muka shiga panteka, ina riƙe da hannunsa, yana ɗaga tsofaffin farantai da guntayen jan ƙarfe yana ƙwanƙwasawa kusa da kunnensa, wanda bai yi masa ba ya jefar yana tsaki. Ya sa aka kwance ƙunshin kayan aikinsa da ya zo da shi daga gida. Tun daga ranar gidanmu ya koma maƙera. Ba ya gani, amma yatsunsa na gani: ya buga, ya shafa, ya sake bugawa, ganye da taurari da dagi suna fitowa a jikin tagulla. Maƙwabtan da ke wuce shi suka fara tsayawa. Matata ta ce mini, tana dariya, yau Baba ya nemi ƙarin tuwo.

Ranar kafawa na kai shi tafkin, aka jawo jirgin kan tudu. Na kawo ƙusoshin ƙarfe daga kasuwar Wuse, ya taɓa su ya ture.

"Waɗannan tsatsa za su yi. Abin da zai zauna a ruwa, jan ƙarfe ake sa masa. Ka taɓa ganin jan ƙarfe ya yi tsatsa?"

Ban taɓa gani ba, kuma gaskiya ya faɗa iya saninsa. Shi da kansa ya yanka ƙusoshin jan ƙarfe, ni ina hudawa, shi yana dannewa yana goge kansu da zarto, garin ƙarfen yana zuba a cikin jirgi. Ya so a jera adon a sama, kusa da baki. Ni na ce a sauko da shi ƙasa, dab da ruwa, don ƙyallin ya riƙa faɗawa a kan ruwan masu hoto su ji daɗi. A bayan jirgin kuma, kusa da inji, akwai wani dunƙulen ƙarfe mummuna, duk ya ciccinye kamar sabulun da ɓera ya samu. Tun farko yake ba ni haushi. Na kwance shi na wurga a ruwa, Baba ya rufe gurbin da tauraron tagulla mafi kyau a cikin duk waɗanda ya yi.

Da aka gama ya bi jikin jirgin da tafin hannu daga goshi har baya, a hankali. Ya ce, "To, yanzu ko na mutu na bar wani abu a garin nan."

Kasuwa ta buɗe fiye da yadda na zata. Masu shirin aure suka gano jirgin, suka riƙa zuwa da mai hoto, amarya da ango su zauna a gaba suna yi wa juna murmushin da aka koya musu. Aka sa masa suna jirgin amare. Sauran masu jirage suka fara yi mini kallon gefe, ni kuwa ina hura hanci. Kullum na dawo gida sai Baba ya tsare ni: mutum nawa suka shiga, me suka ce, akwai wanda ya tambayi wanda ya yi aikin? Ya koma sa babbar riga zuwa masallacin Juma'a. Bai kuma ajiye guduma ba, kowane mako da sabon abin da zai ba ni in ƙara.

A damina ta biyu na fara ganin wani farin gari yana taruwa a gefen kowace ƙusa, kamar kanwa. In goge, bayan kwana biyu ya dawo. Sannan na fara tarar da ruwa a cikin jirgin da safe ko ba a yi ruwan sama ba. Na yanke jarka ina kwashewa, ina ce wa kaina raɓa ce.

Akwai makanikin da ke gyara mana injuna a bakin tafkin, mutumin kudu, ɗan bakin teku, wanda ya girma a cikin jirage. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya bambanta mace da namiji, amma ba ya ɓoye magana. Wata rana na kira shi ya duba mini farfela, sai na ga ya ƙyale injin ya tsuguna yana kallon adon.

"Oga direba, wa ya sa maka wannan?"

"Mahaifina," na ce, ina jiran yabo.

"Aikin yana da kyau, wallahi. Amma jirgi naka tana mutuwa."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce masa in baƙin ciki ne ya fito fili, ai na san maganganun da ake yi a bayana. Ya ɗauko sukundireba ya danna a gefen wata ƙusa, ba da ƙarfi ba, sai ga bakinsa ya shige kamar a jikin biskit.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani da abin da na sani, wato batirin mota. Ya ce ƙarfe biyu da ba jinsi ɗaya ba, in suna taɓa juna kuma ruwa yana jiƙa su, sai su zama ɗan batir. Wata 'yar wuta tana tafiya a tsakaninsu, ba ka jinta, ba ka ganinta, kuma a cikin biyun mai rauni ne yake narkewa. Tsakanin tagulla da alminiyam, alminiyam ne mai raunin. Shi ya sa adon yake nan garau yana ƙyalli, jirgin kuwa yana zama gari a ƙarƙashinsa. Ya ce alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙofar gida, nasa ciwon fari ne, kuma rami yake yi zuwa ciki. Ya leƙa ƙasan jirgin ya nuna mini ƙananan ramuka inda garin zarto ya kwanta a ruwa, ya ce ko wannan kaɗai ya isa.

"Da teku ne, ruwan gishiri, tun bara an gama. Nan ruwan daɗi ne, shi ya sa ta ɗauki lokaci. Amma wannan ruwa duk dattin gari take sha, ba ta da kirki." Ya zaga baya ya tsaya a kan tauraron. "Ina anod naka?"

"Mene ne kuma haka?"

"Ƙarfe da take nan. Mai muni."

Na ce na jefar. Ya dafe kai da hannu biyu. Ashe wannan dunƙulen an sa shi ne musamman don a ci shi. Ya fi duk sauran ƙarafan jirgi rauni, saboda haka ruwa yakan fara da shi ya ƙyale jirgin. Munin nan da na gani alama ce yana aikinsa. Ba a shafa masa fenti, ba a rufe shi, in ya ƙare a sa wani, kuma na ruwan daɗi daban, na teku daban.

Na tambaye shi mafita, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce a cire tagullar gaba ɗaya, a wanke jirgin tas, a kai wa mai waldar alminiyam ya cike ramukan, a shafa fentin da ya dace, a mayar da anod. In dole sai an yi ado, a kafa shi a jikin katako a sama, da roba a tsakani, kada ya taɓa jirgi, kada ruwan da ya bi ta kansa ya kwanta a ciki. Kuma in riƙa jawo jirgin tudu ina tsane shi, in daina barinsa yana kwana a ruwa.

"Yau za ka fara," in ji shi. "Ba gobe ba."

Na koma gida da niyyar faɗa wa Baba. Na tarar da shi a ƙofa, yaran maƙwabta da iyayensu sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ya huda ƙarfen Turawa. Da ya ji muryata ya miƙo mini wani sabon ganyen tagulla, ɗumin hannunsa bai bar shi ba. Na karɓa na ce ya yi kyau. Na ce gobe zan faɗa masa. Goben ta zo na ce sai Juma'a ta wuce. Ta yaya zan dubi tsohon da na tayar daga tabarma in ce masa abin da ya bari a garin nan shi ne yake cinye abincin gidanmu? Kuma in na cire adon a ɓoye, amare za su daina zuwa, labari zai iso masa. Ban ɓoye wa kaina ba, har da kwaɗayin kasuwar a ciki.

Sai na koma liƙe-liƙe. Na sayi gam mai ƙarfi ina cusawa a duk inda ya jiƙe, na shimfiɗa katako a ƙasa don kada fasinja su ga ruwa. Makanikin ya daina gaishe ni da fara'a. In na ɗauki mutane sai ya ajiye sifana ya tsaya yana binmu da ido har mu dawo, kuma wannan kallon ya fi zagi ciwo. Ni kaina tuƙin ya daina yi mini daɗi. Fasinja suna dariya suna ɗaukar hoto, ni ina kallon ƙafafunsu, ina lissafin nisan da ke tsakaninmu da gaɓa. Kunya nake ji in mutum ya sauka ya ce ya gode.

Ranar ƙaramar Sallah da la'asar wata mata ta shiga da 'ya'yanta, manya biyu cikin sababbin kaya da jariri a goye. Mijin ya tsaya a gaɓa yana ɗaukarsu a waya. Na ba ta rigar ruwa mai hana nutsewa, na sa wa yaran nasu, amma ta jariri babu, ba mu da irinta. Muna tsakiyar tafki wani jirgi ya wuce da gudu, igiyar ruwansa ta daki goshin nawa, sai na ji wani ɗan sauti kamar an ɓalle maɓalli. Faifan tagullar gaba ya ɗago tare da guntun jikin jirgin. Ruwa ya fara shigowa, ba ɗigo ba, kwarara.

Na ce su koma baya, na cusa tsumma na take da ƙafa, na juya kan jirgi da hannu ɗaya. Yaran suka fashe da kuka. Ita ba ta yi ihu ba. Ta kwance goyon, ta ɗaga jaririn ta ɗora a kafaɗa, ta riƙe shi da hannu biyu, leɓunanta suna motsi, idonta a kaina. Ruwa ya rufe idon sawunmu, ya hau ƙwauri. Jirgin ya yi nauyi, injin yana nishi, gaɓa kamar tana ja da baya. Allah ya sa makanikin yana tsaye yana kallo kamar kullum, shi ya taho da wani jirgi ya tarye mu kafin mu ƙarasa.

Ba wanda ya ji ciwo. Mijin ya zage ni tas, kuma ban ga laifinsa ba. Ita ko kalma ba ta ce mini ba. Ta matse bakin zaninta, ta mayar da goyonta, ta kama hannun yaran da kayan Sallarsu sharkaf, suka tafi.

A makon nan aka cire komai. Ni na riƙa ɓamɓare aikin Baba da hannuna, kowane faifai ya fito da farin gari a bayansa. Mai walda ya cike ramukan, aka yi fenti, aka ɗaura sabon anod. Na roƙi matata kada ta faɗa. Ta ce ba za ta faɗa ba, amma ba za ta taya ni ƙarya ba, in Baba ya tambaye ta za ta ce ya tambaye ni. Haka muka ci gaba. Yana bugawa, ina karɓa da safe, ina kaiwa rumfar makaniki ina zubawa a buhu. Da yamma ya ce, "Ina ka sa na jiya?" In ce, "A gefen dama, Baba, kusa da dagi." Ya gyaɗa kai ya ce nan ne daidai wurinsa. Tuwon da nake ci bayan irin wannan amsa ba ya wuce mini maƙogwaro.

Ana nan sai wata rana ya kira ni ya ce ya canza shawara, a kai shi a cire yanar.

"Ina so in ga jirgin nan da idona. Hannu ya gani, saura ido."

Abin da na daɗe ina roƙonsa ke nan. Amma maimakon murna sai gabana ya faɗi. Da aka ba mu rana a asibiti, na ji wani sashe na zuciyata yana fatan a ɗage. Ɗa yana fatan mahaifinsa ya ƙara kwana a duhu don kada asirinsa ya tonu. Na yi istigfari, amma na ji abin da na ji, kuma har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Aikin idon ya yi kyau. Kafin idon ya warke na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na sa kafinta ya kewaye bakin jirgin da katako, aka sa roba a ƙarƙashi, na zazzage buhun na jera adon a kai. Ya yi kyau ƙwarai. Na ce wa kaina ba zai gane ba, ai bai taɓa gani ba.

Ranar da na kai shi, jirgin yana kan tudu. Ya sauko daga mota da baƙin gilashin asibiti, ya cire, ya tsaya yana kallo yana murmushi. Ya matso. Murmushin ya ragu.

"Ban kafa a katako ba."

"Gyara aka yi, Baba. An ɗaga shi sama ne don a fi gani."

Bai saurare ni ba. Ya tsuguna yana duban ƙasa, inda tabon walda ya jeru a ƙarƙashin fenti. Ya buɗe yatsu ya auna daga tabo zuwa tabo. Tazarar ƙusoshinsa ce, kuma ya san ta. Ya bi su har goshin jirgin, inda aka yi babban faci, ya daɗe a wurin.

"Me ya ci nan?"

Ƙarya ta ƙare mini. Na faɗa masa duka, tagulla da alminiyam, da dunƙulen da na jefar, da liƙe-liƙen, da matar ranar Sallah. Na yi ta nanata cewa laifina ne, ni na ce a sauko da adon, shi bai sani ba, ba yadda za a yi ya sani. Na shirya wa ɓacin ransa a kan aikinsa. Ashe ba nan hankalinsa yake ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun damina."

"Kuma kana ɗaukar mutane."

Na sunkuyar da kai.

"Da 'ya'yansu." Ya juyo ya dube ni. "Ni ka ji wa tausayi? Ni da na gama cin zamanina? Ina zaune ina bugawa ina murna, ashe rami nake haƙa wa jariri, kai kuma kana karɓa kana ce mini ya yi kyau. Ka mayar da ni yaro, ɗan nan. Da ka faɗa mini, da hannuna zan cire."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce tsakanina da shi mai sauƙi ne. Ya tambaye ni inda matar take. Na ce ban sani ba, ko sunanta ban tambaya ba.

Daga wannan makon, duk Asabar da Lahadi sai ya shirya ya biyo ni tafkin. Ba ya shiga jirgi. Yakan zauna a benci kusa da inda ake sauka, yana duban duk macen da ta zo da goyo, ya juyo ya kalle ni, in girgiza kai. Na ce masa ya huta, Abuja da faɗi, kuma wanda ya sha irin wannan tsoro ba ya dawowa bakin ruwa. Makanikin ma ya ce masa, "Papa, ba laifi naka ba ne." Baba ya ce ƙusar tasa ce, shi ya yanka ta, shi ya danne ta, kuma ba ya so ya je gaban Allah da tsoron da ya shiga cikin matar nan bai nemi gafararta ba.

Sai da wata Sallar ta zagayo. Wajen ya cika maƙil, ina taimaka wa fasinja sauka, sai na hango ta can nesa da ruwa, kusa da masu sayar da kayan sanyi. Jaririn nan ya fara tafiya, tana riƙe da hannunsa gam. Na gane ta tun kafin ta juyo. Baba yana kan bencinsa, bai san fuskarta ba, ni kaɗai na sani, kuma in na yi shiru ba wanda zai taɓa ganewa. Na daɗe ina ɗaure igiyar da ta riga ta ɗauru.

"Baba," na ce, "ga ta can. Mai koren mayafi."

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya nufe ta a hankali yana ratsa mutane. Ni na tsaya a bakin jirgi. Ina daga nan na ga ya yi mata sallama, na ga tsohon ya sauka a kan gwiwoyinsa a cikin ƙasa, a gaban matar da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, yana magana yana nuna hannuwansa. Ta ruɗe, ta sunkuya tana ƙoƙarin tayar da shi, yana ƙi. Can sai ta fahimci abin da yake faɗa. Ta saki hannun Baba, ta miƙe tsaye, ta ɗago kai ta bisa kansa tana neman jirgin, har idonta ya same ni a tsaye da igiya a hannu.